Akwatin Ƙarfen Kawu Khalilu

Kawuna Khalilu bai taɓa sayen abin da aka miƙo masa daga sama ba. In gero ya je saye, sai ya naɗe hannun riga ya cusa hannu har gindin buhu ya damƙo. In ashana ce, sai mai tebur ya zaro masa ta can ƙarshen kwali. A ƙauyenmu da ke gefen titin Ɗambatta ana ce masa Sai-na-gani a bayan idonsa. Ya san da sunan, bai taɓa nuna ya dame shi ba.

Yayan mahaifiyata ne, shi ya riƙe ni tun ina shekara shida bayan rasuwarta. Sunan tsohuwarsa aka sa mini, Humaira, saboda haka bakinsa bai taɓa furta sunana ba. Uwata yake ce mini. A duk duniya ni da matarsa, Inna Barira, mu kaɗai ne za mu miƙa masa kwanon ƙosai ya ɗauki na sama ya kai baki bai juya ba.

Inna ta ce da ba haka yake ba. Shekarar da aka kawo ta gidan ya sayi takin zamani buhu shida, a ɗinke, da tambari da komai. Ya buɗe bakin ɗaya ya ga fari tas, ya loda a amalanke. Sai da ya zuba rabi a gona ya lura cewa daga taƙi ɗaya zuwa ƙasa farin yashi ne. A wajenmu gona manne take da gona, layin gamba ne kawai a tsakani, kowa yana ganin amfanin kowa. Dawar maƙwabcinsa ta yi duhu ta wuce kai, tasa ta tsaya rawaya iya ƙugu, masu wucewa suna yi masa sannu kamar an yi rasuwa. A rumbun ƙanensa suka ci wannan shekarar. Inna ta ce yunwar ba ta ci shi kamar sannun ba.

Bayan haka ya yi shekara talatin yana awon hatsi a kasuwar Ɗambatta, har gwiwoyinsa suka gaji ya dawo gona. Iri kuwa ba ya shiga ƙasarsa sai ya ƙirga ƙwaya goma ya naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ya ba su kwana uku. In tara ba su tsiro ba, ya mayar wa mai shi. Yana da wani baƙin akwatin ƙarfe a gefen gadonsa, da kwado mai ruwan tagulla, makullin a ɗaure da igiyar fata a aljihunsa. Na girma ina share gefen akwatin, ban taɓa ganin cikinsa ba.

Ni kuwa na gama jami'a, na yi bautar ƙasa, na dawo na zauna shekara biyu ina tura takardun neman aiki. A ƙauyenmu sai ka hau tudun bayan firamare kafin waya ta kama. A kan tudun nan, rana tana dukana, na karanta saƙon wani kamfani da ke Legas. Suna neman mai amsa tambayoyin abokan cinikinsu da Hausa da Turanci, daga gida. Sharaɗi ɗaya ne: ranar Alhamis ƙarfe goma na safe za su kira ni ta bidiyo, su auna gudun intanet ɗina, su kalli yadda nake aiki na awa guda. Wanda layinsa ya yanke ko ya makara, sun ce ba sa sake kira.

Wata uku kafin nan aka binne wayar faiba mai kawo intanet a gefen titinmu. Ranar da masu haƙa suka fara kafa turaku, Kawu ya ɗauki tabarma ya zauna a bakin gonarsa kwana uku yana kallonsu, don ya tabbata masu yanka filaye ne suka zo da sabuwar dabara. Da na roƙe shi a jawo mana layin, sai da ya sa na karanta masa takardar sau biyu, ya ji babu kalmar gona a ciki. Mai haɗawa namiji ne baƙo, ba zai wuce soro ya shiga cikin gida ba. Saboda haka wayar ta ƙare a turakar Kawu, wadda tagarta ke kallon tsakar gida da ƙofar ɗakina. Mutumin ya kafa wani ɗan farin akwati a bango, ya jona shi da batirin solarmu, ya ce saura rauta, na'urar da za ta watsa intanet ɗin cikin gida ba waya. Ya ce mu saya da kanmu, kuma mu yi hankali.

Bai san wa ya faɗa wa haka ba.

Ranar Litinin muka shiga Kano. A mota na yi wa Kawu bayanin abin da nake nema. Na ce faiba kamar babban bututun ruwa ce, in aka sa mata ƙaramin famfo ɗigo kawai za a samu, don haka ramukan bayan rautar dole su zama masu ɗaukar dubu, ba ɗari ba. Kuma ta zama mai zango biyu, ɗaya yana tafiya nesa ya ratsa bangon ƙasa, ɗaya yana gudu amma ba ya son bango. Ya saurara yana kallon gonakin mutane ta taga.

"Duk a jikin kwali aka rubuta wannan?"

"E, Kawu."

"To."

A kasuwar waya muka shiga shagon wani Abdulkabir, mai fara'a da saurin baki. Ina gama faɗar abin da nake so ya ɗauko kwali daga saman jeri ya dire a gabanmu. Hoton wata baƙar na'ura ce mai ƙahoni shida.

"Hajiya, wannan ita ce ƙarshe. Baba, dubi ƙahonin nan. Ka ajiye ta a nan, wallahi har Gezawa za ta kai."

"Ai mu Ɗambatta muka nufa," in ji Kawu. "Buɗe."

"Haba Baba, sabuwa ce dal a leda. In na yage ta zama tsohuwa."

"Wa ya rufe ta?"

"Kamfani mana."

"Kana wajen?"

Masu shagon gefe suka fara dariya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce, "Kawu, don Allah, duk abin da nake so yana rubuce." Bai ko kalle ni ba. Ya juya kwalin, ya bi ɗinkin ledar da farce, ya nuna mini wani ɗan baƙi-baƙi a gefe.

"Uwata, da me Innarki take liƙe ledar gyaɗa?"

"Da kyandir."

"To kamfanin ma ashe kyandir gare shi."

Abdulkabir ya yage ledar da fushi. Kawu ya ɗauki na'urar ya auna nauyinta a tafin hannu, sannan ya kai ta kunne yana ƙwanƙwasa ƙahonin ɗaya bayan ɗaya, kamar mai zaɓen tukunya. Biyu suka amsa a toshe. Huɗu suka yi ƙara irin ta gwangwanin da ba komai.

"Huɗun nan ba kowa a ciki."

Na karɓa na kifa ta. A ƙasanta, da ƙananan haruffa, an rubuta ɗari. A kwali an rubuta dubu. Da ni kaɗai na zo, da na ɗauke ta ina godiya.

"Wallahi haka aka kawo mini su," in ji Abdulkabir. "Baba, kai ɗan sanda ne?"

"Mai awo ne."

A ƙarshe wata fara muka ɗauka, mai ƙaho biyu, ba ado. Kawu ya sa aka sauke kwali bakwai aka zaro ta ƙasa. Na duba lambobin jikinta, na sa aka jona ta na gwada a wayata. Kawu ya sa Abdulkabir ya rubuta sunansa a takarda cewa in ba ta yi ba za mu dawo da ita.

"Kwana nawa, Baba?"

"Uku. Iri ma haka nake ba shi."

Muka ɗora ta a kan tagar turaka, ƙahoninta suna kallon ɗakina. Da na buɗe kwamfuta na ga lambar gudun, sai da na tashi na zagaya tsakar gida sau biyu. Ranar Talata da Laraba na yi ta gwaji, bidiyo bai ko tsaya ba.

Amma Kawu bai saki jiki ba. Majalisar da ta shekara ashirin a gindin dalbejiyar masallaci ta tashi ta dawo jikin katangarmu, manya da su, kowa yana ɗaga waya sama.

"Kin ba su lambar sirrin?"

"Ban ba kowa ba."

"To ta yaya suka san tana nan?"

"Sunanta ne yake fitowa a wayoyinsu."

"Wato shela take yi." Ya daɗe yana kallon 'yar fitilarta tana ƙyaftawa.

Ranar Laraba bayan la'asar wani baƙo a kan babur ya tsaya a ƙofar gida, ya tambaya ko nan ne aka jawo faiba. Aka ce e. Ya kalli taga, ya ja babur ya tafi, bai faɗi sunansa ba. A makon da ya wuce an kwance solar masallacin ƙauyen gaba da mu. A wannan yammacin kuma saƙo ya zo cewa wani abokin awonsa ya rasu a Tofa. Kawu ya ce da asuba zai kama hanya.

Ranar Alhamis ƙarfe tara na yi wanka, na sa mayafin da na goge tun jiya, na buɗe kwamfuta. Sandar sigina ɗaya ta bayyana, ta ɓace, ta sake bayyana. Shafi ya ƙi buɗewa.

Abdulkabir na fara zargi. Na tuna lokacin da ya juya mana baya yana mayar da ita kwali, na ce musanya ya yi. Na ruga tudun firamare na kira shi, ya ce in kashe in kunna, ya katse. Ina saukowa na hangi maƙwabcinmu Malam Musa yana huɗa da shanu a gefen titi, daidai inda aka binne waya. Na tsaya a kansa ko gaisuwa ban gama ba.

"Malam Musa, garma ba ta taɓa komai ba?"

"Kamar me, 'yar nan?"

"Waya."

"Ko kusa ban je ba. Kin zama Kawunki ke nan?"

Ban yarda da shi ba. Na bi kunyar da ido har ƙarshe, ban ga komai ba. Na tuna mai babur. Na tuna 'yan majalisa, na ce wani cikinsu ya iya satar layi. Har Inna sai da na kalla, ko ta cire waya ta sa cajin fitila. Ƙarfe tara da minti talatin da biyar na karɓi makullin turaka a hannunta.

Farin akwatin bango yana nan, fitilarsa kore. Taga kuwa wayam.

Na ce innalillahi. An sace. Sai na lura wayoyin rautar biyu ba su tsinke ba. Na bi su da hannu, suka sauka ta jikin bango, suka bi gefen gado, suka shige cikin baƙin akwatin ƙarfe. Kawu ya lanƙwasa kusurwar murfin, ya naɗa tsumma a wajen don kada ƙarfe ya yanke su. Aiki ne na mai kula. Na ɗora tafi a kan murfin, da ɗumi. Kwado a kulle.

Abu mai daraja ne, mai gida zai yi tafiya, ɓarawo ya zo ya leƙa. Ina kuma za a sa shi? Ni ce ban taɓa gaya masa cewa abin da ke ratsa bangon ƙasa ba ya ratsa ƙarfe ba.

Na sake hawa tudu na kira shi. Wayarsa a kashe, don ba ya barin ta a kunne cikin motar haya. Na dawo na ɗora kwamfutar a kan akwatin, kusa da kusurwar. Sanda ɗaya, shafi yana buɗewa rabi ya tsaya. Kwamfutar tawa kuma ba ta da ramin da zan jona waya kai tsaye. Saura minti goma.

Inna tana tsaye a bakin ƙofa.

"Inna, babu wani makullin?"

"Shekara talatin da takwas ina gidan nan, ban taɓa ganin cikinsa ba."

"In ban shiga ba ƙarfe goma, shi ke nan."

Ta kalle ni, ta kalli akwatin, ta fita. Can sai ga ta da gatarin faskare. Ba ta miƙo mini ba, a ƙasa ta ajiye shi, bakin ƙofa. Sannan ta wuce tsakar gida ta zuba gero a turmi ta kama daka da ƙarfi, ita da ta gama dakanta tun safe.

Na tsaya da gatarin a hannu ban san tsawon lokacin ba. Kawun nan nawa ya sayar da bijiminsa shekarar da na shiga jami'a. Na yi bisimilla na buga da bayan gatarin. A bugu na uku kwadon ya faɗi.

Ƙamshin kafur da tsohon turare ya bugo ni. Takardun gona a cikin leda. Kwalaben iri da toka a bakinsu. Wani yagaggen ɓallen buhun taki mai tambari, ya tsufa har ya yi ruwan ƙasa. Rautar kuwa tana zaune a kan wani farin yadi da aka ninke da kyau, da 'yar kwalbar zamzam a gefensa. Na daɗe kafin na gane abin da nake kallo. Likkafaninsa ne. Shi ne abu mafi laushi da tsabta a akwatin, a kansa ya kwantar da ita. Da na ɗauke ta, yadin ya yi zafi a inda ta zauna.

Ƙarfe goma da minti bakwai na shiga kiran. Matar kamfanin ta kalli agogo, ta ce saura kaɗan ta rufe. Na ba da haƙuri. Ta auna gudun layin ta ɗaga gira. Na yi awa guda ina amsa tambayoyi. Layin bai yanke ba ko sau ɗaya.

Dab da magariba Kawu ya dawo. Na ji ya buɗe turaka ya shiga. Can sai ya kira ni.

"Uwata."

Na je na durƙusa a bakin ƙofa na faɗa masa komai. Yana zaune a gefen gado, karyayyen kwadon a tafinsa.

"Ƙarfe yana tare ta?"

"E, Kawu."

"Ba ki faɗa mini ba."

"Ban faɗa ba."

"Sau nawa kika buga?"

"Uku."

"Uku!" Ya juya kwadon. "Mai kwadon nan rantsuwa ya yi mini a Ɗambatta cewa ko guduma ba ta fasa shi. Barira, kin ji? Uku!"

"Ni daka nake, ban ji komai ba," in ji Inna daga madafi.

Na fara samun numfashi. Sai ya buɗe akwatin. Ya ƙirga takardun gona, ya ƙirga kwalabe. Ya ɗauko farin yadin.

"Kin warware shi?"

"A'a, Kawu. Ɗauke ta kawai na yi daga kai."

Ya gyaɗa kai. Sannan ya miƙe tsaye ya warware yadin a gabana, ya fara auna shi daga gwiwar hannu zuwa yatsa, kamu bayan kamu, leɓunansa suna motsi. Ya kai ƙarshe, ya ninke, ya mayar. Ya rufe akwatin. Na fi son da ya zage ni.

Ranar Litinin saƙon ya zo, sun ɗauke ni. Kawu ya sa na je Ɗambatta na buga shi a takarda, ya juya ta gaba da baya yana neman hatimi, ya ce Allah ya sa albarka. A wannan makon ya sa kafinta ya yi wa rautar keji na katako a jikin taga, da ɗan kwado. Ya saka ta da hannunsa, ya tura ni ɗaki in faɗa masa sanda nawa. Na ce huɗu. Ya zo ya leƙa ya ƙirga da kansa. Akwatin ƙarfen ya samu sabon kwado, girmansa ya kai tafin hannu.

Yau wata biyu ina aikin. Har yanzu kafin in yi shara da safe sai na buɗe waya na ƙirga sanduna, kuma in na ji ƙarar taɓarya gabana yana faɗuwa. Kawu yana gaishe ni kamar kullum, yana tambaya ko mutanen Legas suna nan lafiya, yana ce mini Uwata. Jiya da safe na kai masa koko da ƙosai a soro. Ya yi bisimilla, ya kalli kwanon, ya tura yatsu biyu ya ture na sama gefe, ya zaro na ƙasa.